Kwana huɗu a bakin tabkin Bolta: bayaninmu ga matan ƙungiyoyi

Mu ukun da aka aika Gana taron ƙungiyoyin asusu mun dawo lafiya: shugaba daga Maradi, ma'ajiya daga wajen Tawa, magatakarda daga Damagaram. Tun ba mu kwance kaya ba muka tarar magana ta riga mu isowa. An ga hotunanmu a WhatsApp muna zaune bakin ruwa, kowace da kofin lemu a hannu, aka ce shugabanni sun tafi cin kuɗin akwati. Ba mu ji haushi ba. Wadda ke zuba dala ashirin ɗinta kowane mako tana da ikon tambaya. To, ga bayani, a karanta wa waɗanda ba su yi karatu ba.

Ko dala ɗaya ba ta fita daga akwatin wata ƙungiya ba. Masu tallafa mana da suka shirya taron su suka biya jirgi, masauki da abinci. Amma da yake da sunanku aka kashe kuɗin, ya kamata ku san inda aka sauke mu da abin da ya ci.

Daga Yamai muka hau jirgi zuwa Lome, muka sake wani zuwa Ankara, babban birnin Gana. Daga nan kar ta ɗauke mu, muka bi ta Tema mai tashar jiragen ruwa, muka yi arewa kamar awa biyu zuwa Akosombo. A lokacin da an gama kwashe kara a gonakinmu, can duwatsu lulluɓe suke da itatuwa, ga mangwaro ga ayaba har bakin titi.

Otel ɗin yana bakin ruwa, da katanga da masu gadi. Muna shiga aka miƙo wa kowace ɗan tsumma mai sanyi a faranti. Muka tsaya riƙe da shi har muka ga wata ƴar Togo tana goge fuska da nata. Makullin ɗaki ba ƙarfe ba ne, wani ɗan kati ne kamar katin zaɓe, ki kara shi jikin ƙofa ta buɗe. Gadon zai ɗauki uwa da ɗiya huɗu. A makewayi akwai kwamin wanka fari wanda mutum ke kwanciya ciki. Magatakarda ta auna shi da ido ta ce zai sha bido bakwai ko takwas, ruwan da gidanta ke amfani da shi kwana biyu, kuma sai ɗiyarta ta yi layi a famfo kafin a samu. In ki buɗe labule, ga ruwa shimfiɗe tsakanin duwatsu, da asuba hazo kwance a kansa, masunta na ratsawa cikin kwalekwale. Ba za mu ɓoye muku ba, wurin yana da kyau, kuma mun ji daɗinsa.

Kowace an ba ta ɗakinta ita kaɗai. Daren farko barci ya ƙi zuwa. Ba kukan jinjiri, ba motsin awaki, sai gurnanin na'urar sanyi da muka rasa yadda ake kashe ta. Wajen ƙarfe 11 ma'ajiya ta ƙwanƙwasa ƙofar shugaba da bargo a kafaɗa ta ce: "Yaya, wallahi ni ban iya kwana cikin ɗakin ga ni ɗai kamar mai takaba." Ba a jima ba magatakarda ma ta iso. Haka muka yi kwana huɗu a ɗaki guda, biyu bisa gado, ɗaya a doguwar kujera.

Kashegari muka ga takardar farashi a teburin karɓar baƙi. Da dalar Amurka aka rubuta. Ƴar Togon nan ta juya mana shi zuwa sefa: kwana ɗaya a ɗaki ɗaya ya kusa jikka 150. Ma'ajiya ta jawo littafinta nan take. Ƙungiya mai mata 30, kowace na zuba dala ashirin a mako, jikka 3 ke shiga akwati. Kafin su tara jikka 150 sai mako 50. Wato zubin shekara guda na ƙungiya sukutum shi ne kuɗin dare ɗaya. Ga ɗakuna biyu da muka bari ba kowa ciki har kwana huɗu, an kuwa biya su. Ta rufe littafin ta ce: "Zubin ƙungiya takwas munka bari ya kwana shi kaɗai da sanyi." Muka yi dariya, amma ranar abincin rana bai shiga sosai ba.

Abincin kuwa jere yake cikin manyan tukwanen ƙarfe masu murfi, kowa ya ɗiba da kansa, ya sake in yana so. Mu dai tsoronmu naman alade. Muna shawara da Hausa sai wata yarinya cikin masu aiki ta matso ta ce: "Mama, sannu da zuwa. Daga Nijar ka fito?" Muka dubi juna. Hausar zangon Gana ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne, kowa "ya" ne. Ta nuna mana abin da za mu ci da wanda za mu bari, ta nuna mana gabas, ta koya mana kashe na'urar sanyi. Ita ce kuma ta gaya mana, bayan aikin gama ya gama, cewa lemun da ke cikin ƙaramin firjin ɗaki na sayarwa ne. Kwalba uku muka sha, muka biya daga aljihunmu kuɗin da zai sayi tiyar hatsi fiye da biyar.

Rana ta uku da la'asar aka ɗauki mahalarta taro a jirgin ruwa don ganin tabkin. A nan muka ji cewa ba Allah ya ajiye shi haka tun asali ba, mutane suka tare kogin Bolta. An fara ginin barajin Akosombo a 1961, zamanin shugaba Kwame Nkuruma, aka gama a 1965. Ruwan da ya taru bayansa ya rufe ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500, yana cikin mafi girman tabkunan da ɗan Adam ya yi a duniya. Babban dalilin ginin shi ne wutar lantarki, musamman don masana'antar narka sanholo a Tema, kuma har Togo da Benin an riƙa sayar wa wutar. Ruwan da kansa daga nesa yake zuwa, wasu rassan kogin daga Burkina Faso suka taso. Mun ga manyan kejin raga a cikin ruwa inda ake kiwon karfasa. An ce mana kuma a sassa da yawa na tabkin kututturan itatuwan da ruwa ya cinye na nan tsaye har yau, suna fasa jiragen masu fito.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne mutanen da ke zaune wurin kafin ruwa ya zo. Kusan mutum 80,000 aka tada daga garuruwansu, aka zuba su a sababbin matsugunai 52. Gonaki, kasuwanni da kusheyin iyaye duk suna ƙarƙashin ruwan da muke kallo daga tagar ɗaki.

Da dare yarinyar nan ta kawo mana ruwan zafi, muka tambaye ta asalinta. Ta ce kakarta a tsohon garin Kete Kirachi aka haife ta, can arewa nesa da Akosombo, kuma tsohon garin yana cikin waɗanda ruwa ya ci. Kete zango ne na fatake Hausawa masu zuwa Gwanja neman goro. Da yaƙi ya watsa kasuwar Salaga a 1892, da yawansu can suka koma, har da babban malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete a 1934. Shugaba ta ce mata: "Ɗiyata, an biya kakarki diyyar gidanta?" Ta ce gida dai an ba su a sabon gari, amma tsohuwar har ta mutu tana zancen itatuwanta da rumfarta ta kasuwa. Ta ƙara da cewa ko a 2023, da ruwa ya cika aka buɗe ƙofofin barajin, garuruwan da ke ƙasa irin su Mepe sun nutse, dubban mutane suka kwana a makarantu.

Mun tuna da ƴan uwanmu na jihar Tilaberi, inda aka fara aikin barajin Kandaji bisa kogin Isa, wasu garuruwa an riga an tada su, wasu na jira. Ƙungiyoyin da ke da dangi can su gaya musu: in masu ƙidaya sun zo, mace ta tsaya a rubuta nata da sunanta, garkarta, itatuwanta, rumfarta, kada a haɗa duka cikin sunan maigida a wuce.

Wurin da muka fi sakewa a duk tafiyar ba cikin katanga yake ba. Kusa da Akosombo akwai garin Atimpoku, bakin gadar Adomi, gadar ƙarfe mai baka wadda aka buɗe a 1957. Duk motar da ta tsaya, mata ne ke rufe ta da tallace. Suna sayar da abolo, wani tuwon masara mai ɗan zaƙi da ake turarawa cikin ganye, da soyayyun jatan lande, da wasu ƙananan kifaye da ba su kai ɗan yatsa ba, waɗanda suka yi wa laƙabi da "mutum ɗaya, dubu". Da kuɗin lemu kwalba ɗaya na otel mu uku muka ƙoshi. Wasu sun sa kayansu cikin akwatin gilashi, ƙuda ba ya taɓawa, mai saye na gani tun daga tagar mota. Masu tallan ƙosai da awara a tashoshinmu, wannan abin koyi ne, kafinta na gari zai iya yinsa.

Da tafinta muka zauna da wasu daga cikinsu. Ajiyarsu sunanta susu, kamar asusunmu. Mai karɓa yana zagayawa kullum, kowace ta ba shi abin da ta yanka wa kanta, ƙarshen wata ya mayar mata da kuɗinta ya riƙe zubin kwana ɗaya ladansa. Muka ba su labarin namu: akwati mai makulli uku a hannun mata uku, ƙirga kuɗi gaban kowa, bashi da riba mai dawowa cikin akwati, rabo a ƙarshen shekara. Wata tsohuwa ta sa aka maimaita mata zancen makulli uku har sau biyu. A zauren taro ma an faɗa gaban ƙasashe cewa wannan tsari a ƙasar Maradi aka fara shi a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu. Awa ɗaya da muka yi da matan gada ta kai mana yini guda na jawabai.

Ranar rufe taro aka ce kowace tawaga ta faɗi ra'ayinta. Mun yi shawara tun dare ko mu yi shiru, don kada a ce baƙo ya raina masauki, ko a daina gayyatarmu. Daga ƙarshe ma'ajiya ta tashi da littafinta. Ta yi godiya, sannan ta karanta lissafin mako 50, ta faɗi zancen ɗakuna biyu da suka kwana ba kowa. Ta ce mu roƙonmu shi ne gaba a haɗa mata biyu ko uku a ɗaki, ko a nemi masauki mai sauƙi, abin da ya ragu a ƙara yawan masu zuwa, domin a gida akwai matan da suka shekara 20 suna riƙe da makulli ba su taɓa wuce kasuwar garinsu ba. Zauren ya yi tsit, can sai matan Mali da na Burkina suka fara tafi.

Masu shirya taron sun ba da nasu uzuri, kuma ba mu ce ƙarya ba ne. Suna bukatar zauren da zai ɗauki mutane da yawa, da wutar da ba ta yankewa saboda na'urorin fassara, da tsaro. Zancen haɗa ɗaki kuwa sun ce za su duba. Kun san halin "za mu duba", shi ya sa magatakarda ta rubuta shi a takarda, mu uku muka sa hannu muka miƙa, kwafi yana wurinmu ga mai son gani.

Saura lissafin guzuri. An ba kowace jikka 40. Mun kashe wajen lemun nan, da abincin hanya, da ƴar tsarabar yara. Kowace ta dawo da jikka 15, mun zuba su a asusun taimako na ƙungiyoyinmu, an rubuta a littafi gaban shaidu.

Ga shawarar da muke kawo muku. Ba sai an jira jirgi ba kafin mata su ziyarci mata. Muna da tabkin Madarumfa kusa da Maradi, da na Tabalak a jihar Tawa, da na Gidimuni a Damagaram, duk da masunta da masu garake da matan da ke soya kifi suna sayarwa. Bayan girbi gungu ɗaya ya karɓi baƙuncin wani, a kwana gidajen juna bisa tabarma, a ga yadda kowa ke riƙe littafinsa da sana'arsa. Kuɗin mota kawai za a nema. Sharaɗi ɗaya muke so a sa: wadda za a aika ta zama wadda ba ta taɓa zuwa ko'ina da sunan ƙungiya ba, mu shugabanni mu tsaya gida mu riƙe mata yara.

Ku tattauna wannan a zaman zubi mai zuwa, kowace ƙungiya ta aiko da amsarta ta hannun magatakardarta kafin fitowa ta gaba. Mai sauran tambaya kan kuɗin tafiyar nan ta yi ta a fili ranar taro, za mu zo da takardun. Allah ya ƙara wa akwatunanmu albarka, ya bar mu tare.