Daga Kumbashi Zuwa Kainji: Hanyar Kifi Da Masu Tsaronta

Duk ƙoramar da ta taso a ƙasar Kontagora, ko ta Kumbashi ce ko ta wani ƙauye, a Kogin Kwara take ƙarewa. Matafiyin da ya bi ruwan nan ya nufi kudu maso yamma, zai iske dajin Zugurma, wanda aka haɗa da na Borgu a 1979 aka yi Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji, mai faɗin murabba'in kilomita 5,340.

Da ruwa ya sauka, ƙoramu suka kawo, sai kifi ya juya kai ya hau sama. Tarwaɗa da kawara sukan bar babban kogi su shiga fadamu da ƙananan rafuka, inda ruwa bai da zurfi kuma ciyawa ta yi yawa, su zuba ƙwai. Can 'ya'yansu ke girma, kaka ta yi su gangaro. Wanda ya tare uwa a hanyar nan, ya ci kifin baɗi tun bana.

Haka wani kifi da ake kira salmon yake yi a Amurka da Kanada, watau yakan bar teku ya koma rafin da aka ƙyanƙyashe shi. A can mutanen gari kan kafa ƙungiyoyin sa kai, suna share rafuka, suna kai 'yan makaranta bakin ruwa su gani da idonsu.

A nan kuwa, madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta sake kamannin kogin. Tsohon garin Bussa ya nutse, aka tashi mutane fiye da 40,000, aka sami tafki mai tsawon kilomita 136. Da fari kifi ya yi albarka, Sarkawa da sauran masunta suka yi ta kwararowa. Daga baya sai taru mai ƙananan idanu ya yawaita, musamman dala da ake ja daga gaɓa, wanda ba ya barin babba balle ƙarami. Wasu kuma suna zuba magimfa a rafi, su kashe na ci da na bari.

Ma'aikatan gwamnati ba su da yawan da za su tsare kowace gaɓa. Saboda haka shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus da aka fara a 1993 ya bi ta hannun sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masunta. Su ne suka shiga ƙauyuka suna bayyana wa jama'a dalilin hana dala, gama masunci ya fi jin maganar wanda suke shiga jirgi ɗaya.

Dabarar ba baƙuwa ba ce. A Argungu, Sarkin Ruwa ne ke hana su a Matan Fada har ranar biki, shi ya sa ake fid da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga.

A shekarun nan 'yan bindiga sun sami mafaka a dajin Kainji, masu yawon buɗe ido sun ja baya, aikin masu gadi ya yi wuya. Nauyin ya ƙara komawa kan mutanen bakin ruwa. In dattawan kowane ƙauye suka hana tare rafi da damina, malaman makaranta kuma suka koya wa yara dalilin hanin, lalle kasuwannin Yawuri da Kontagora ba za su rasa busasshen kifi ba.