Ranar da Aka Kira 'Yata Ɓarauniyar Soso



Ki ɗauka kina kicin kina tuƙa tuwo, wayar 'yarki tana kan tebur, sai ta yi ƙara. Kika leƙa, kika ga hoton 'yar taki riƙe da wani soso ruwan ɗorawa, an rubuta a ƙasa: "An kama ɓarauniya." Mutum kusan 20 sun saka alamar dariya. Me za ki yi? Ni dai muciyar na ajiye, hannuna yana rawa, tuwon ranar kuwa gudaji ya yi.

Shekara shida ke nan muna zaune a Gilasgo, a ƙasar Sikotland, inda aiki ya kawo maigidana. Babbar 'yata tana da shekara 15. Wata tafiyar makaranta ce ta haɗa ta da wani ɗan siririn kwalekwale da ake kira kayak, tun daga ranar ta hana mu sakat sai da muka bar ta ta shiga ƙungiyar masu tuƙa shi a teku. Tsawonsa ya kai mita biyar, amma faɗinsa da kaɗan ya wuce ƙugun mutum. Mutum ɗaya yake ɗauka, a zaune ƙafa a miƙe, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu. Asalinsa na mutanen Inuwit ne na Girinland da arewacin Kanada da Alaska, waɗanda suke ɗinka shi da fatar wata dabbar teku a kan itace ko ƙashi, su fita farauta da shi. Dabbar nan suna ce mata sil, tana da fuskar kare da gashin baki, shi ya sa yarana suka raɗa mata karen teku. Ki riƙe sunan nan, zai dawo.

Ni 'yar Zariya ce, wadda in aka ji ta je bakin Kubanni sai ta sha bulala. Barin yarinyar nan ta shiga teku ma kaɗai yaƙi ne na yi da zuciyata. Sai kuma ga wannan hoto.

Kin fi ni sanin nauyin kalmar ɓarawo a wurinmu. A kasuwa in aka kwarma ta a kan mutum, sai wani ikon Allah zai koma gida da ƙafarsa. In aka zo binciken aure, tana cikin abin da ake fara tambaya game da gida. A nan kuma akwai wani ƙarin ciwo. Na sha shiga kanti da hijabina mai gadi ya riƙa bin bayana daga layi zuwa layi. Doka ce a gidana, ko cingam yaro ya saya sai ya karɓi rasit. Kuma 'yata ita kaɗai ce baƙar fata a ƙungiyar. To, ki haɗa wannan da wancan ki ga abin da ya zo mini a rai.

Da ta fito daga wanka na tare ta da wayar. Maimakon ta yi kuka, sai ta fashe da dariya, ta ce, "Umma, wasa ne fa." Da ta ga fuskata sai dariyar ta ɗauke, ta ce, "Umma, wayata kika buɗe?" Daga nan ta shige ɗaki. Kwana uku ba ta ce mini komai ba ban da gaisuwa. Babansu ya ce in bar maganar. Na ce ba zan bari ba, ranar Asabar ni zan kai ta da kaina.

Sun shirya fita a kusa da garin Oban, a gaɓar yamma, tafiyar fiye da awa biyu a mota daga Gilasgo. Duk hanya ina bitar Turancin da zan zazzage musu. Muka isa da sassafe, iska tana yanka kunne, tsibirin Kerrera yana can tsallake cikin hazo, jirage kala-kala jere a kan duwatsun bakin ruwa.

Abin da na fara ji shi ne ihun wata tsohuwa, wadda ta haura 70, furfura fat, tana nuna shugaban tafiyar da yatsa tana cewa ya fito mata da filas ɗin shayinta. Shi kuwa, ƙato mai gemu, ya dafa ƙirji yana rantsuwa cewa da idonsa ya ga karen teku ya ɗauke shi. Aka buɗe ramin ajiyar kaya na jirginsa, sai ga filas, babu ko ɗigon shayi, amma an ɗaura masa cakulan da zare a wuya. Tsohuwa ta kwance cakulan ta jefa a baki, ta ce ta yafe rabi. Kowa ya kwashe da dariya. Ni kuwa na tsaya riƙe da jakata kamar baƙuwar da ta shiga gidan biki ba ta san amarya ba.

Cikin rabin awa na fahimci ashe sata a wurin mutanen nan sana'a ce ta kowa. Kowane jirgi yana da soson tsane ruwan da ya shiga ciki, irin na wankin mota, kuma duk kamarsu ɗaya. Don haka soso ba ya kwana biyu a hannun mai shi. Wani ya rubuta sunansa a nasa da baƙin alƙalami, washegari ya tarar an ƙara "tsohon mai shi" a gaban sunan. Wata ta ba ni labarin yadda aka yi garkuwa da hular sanyinta wata guda, ana turo mata hotonta a wurare daban-daban, a kan dutse, a kan tunkiya, a tashar jirgin ƙasa, ana neman kuɗin fansa na kek guda. Ta toya kek, hula ta dawo a wanke a goge. Duk abin da ya ɓata, karen teku ake ɗora wa. Da na tambayi dalili, wani dattijo ya ce ramuwar gayya dabbar take yi, tunda da fatar kakanninta aka fara ɗinka jirgin. A ƙarshen shekara ma har kyauta suke bayarwa ga wanda ya fi kowa dogon hannu: wani karyayyen bakin filafili da aka rataya wa igiya. Mai gemun nan ya ci sau uku.

Ina nan tsaye sai lokacin shiga ruwa ya yi, wuri ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Shugaban ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa: rigar da ke hana nutsewa, siket ɗin roba da ake ɗaurawa a ƙugu a manne shi a bakin jirgi don kada igiyar ruwa ta cika shi, famfon hannu na zuƙe ruwa, igiyar jan jirgin wanda ya gaji, filafilin ko-ta-kwana da ake ɗaurewa a saman jirgi, da oba-oba da ake kiran masu gadin teku a tasha ta 16. Sai wata mata ta ce ba ta ga famfonta ba. Wani saurayi sabon shiga ya zaro shi daga bayan dutse yana murmushi, yana jiran a yi dariya. Ba wanda ya yi. Shugaban ya karɓa, ya miƙa wa mai shi, ya ce wa saurayin a hankali, "Muna satar abin da in babu shi mutum zai yi tsaki. Ba ma taɓa abin da in babu shi mutum zai mutu."

Ba cika baki ya yi ba. Tekun yankin nan ko a tsakiyar lokacin zafi da sanyinsa yake. Ƙungiyar ceton rai a teku ta RNLI, wadda aka kafa tun 1824, tana gargaɗin cewa ruwan da ya gaza digiri 15 na iya ɗauke wa mutum numfashi da zarar ya faɗa ciki, ko da gwanin iyo ne. In jirgi ya kife aka miƙar da shi, famfon nan ne zai fitar da ruwan kafin sanyi ya kashe wa mutum hannu. Ashe wasan nasu yana da katanga, kuma kowa ya san inda take.

Bayan sun fita, tsohuwar ba ta bi su ba saboda kafaɗarta na ciwo. Ta zo ta zauna kusa da ni a kan dutse ta miƙo mini biskit. Turancin da na haddace duk ya gudu, sai kawai na nuna mata hoton, wanda na riga na tura wa wayata. Ta ce ita ta ɗauka, kuma sosonta ne. Ta ce, "Wata huɗu 'yarki tana zuwa, ba wanda ya taɓa mata ko tsinke. Sannu da zuwa, sai an jima, shi ke nan. Ranar da na nemi sosona na rasa, na tarar da 'yar takarda a madadinsa wai karen teku yana gaishe ni, da rubutun yarinyar nan, ranar na san ta zama tamu." Sannan ta ƙara da cewa yarinyar tana kiranta da wani suna da ta koya mata, wai Kaka.

Nan jikina ya yi sanyi. Na tuna Hajiyata a Zariya, yadda ita da yarinyar nan ba sa haɗuwa sai sun yi faɗan kishiya, ta ɓoye mata goro, ita kuma ta ce ta ƙwace mata miji. Shekara uku rabon da su ga juna. Ashe kewar wannan tsokanar ce yarinya ta ɗauka ta kai bakin teku, ni da nake gida ɗaya da ita ban lura ba. Kuma mu da muka tashi cikin wasan taubasai, da na Fulani da Barebari, da na Kanawa da mu Zagezagi, ai mun san ba a tsokanar bare. Wanda aka ɗauka nasu shi ake ja da wasa.

Duk da haka ban haɗiye abin da ya kawo ni ba. Na gaya mata abin da kalmar take nufi a inda na fito, na gaya mata labarin mai gadin kanti, na ce hoto in ya fita daga hannun waɗanda suka san wasan, wanda zai gan shi gobe bai san labarin soso ba, baƙar yarinya kawai zai gani da kalmar ɓarauniya a ƙasanta. Abin da ya sa har yau nake ganin girman matar nan, ba ta ce mini ai wasa ne ba. Ta yi shiru, ta ce ita a rayuwarta mai gadi bai taɓa bin ta ba, don haka tunanin bai zo mata ba. A gabana ta goge hoton. Daga ranar suka sauya wa 'yata laƙabi, ta koma lauyar karen teku.

A hanyar komawa na ba yarinyar haƙuri a kan buɗe mata waya. Ba abu ne mai sauƙi ba uwa ta ce wa 'yar cikinta ta yi kuskure, kin sani. Ta daɗe tana kallon taga, can ta ce, "Umma, da kin tambaye ni, da na nuna miki har takardar da na rubuta."

Bayan wata biyar sata ta gaskiya ta same mu. Yarinyar ta tara kuɗin sallarta da na aikin hutu ta sayi filafili na hannu, fam 120. Mun tsaya shan mai a hanya, muka shiga sayen ruwa, kafin mu fito an kwance shi daga saman mota. Ta yi kuka har gida. Da ta sanar da 'yan ƙungiya, babu wanda ya sa alamar dariya, babu wanda ya ambaci karen teku. Asabar ta zagayo ta tafi da niyyar aro. Tana buɗe jirgin da take hawa sai ga filafili a ciki, daidai tsawonta, da takarda ɗaure a wuyansa: wai karen teku ya tuba, bai samo nata ba amma ga wani, kuma yana roƙon lauyarsa ta ci gaba da kare shi. Har yau ba wanda ya amsa cewa ya sa ko sisi. Da sun tara kuɗi sun miƙa mana a ambulan, na san halin maigidana, cewa zai yi a mayar. Sun lulluɓe kyautar da wasa yadda babu wanda zai ji kunyar karɓa, irin yadda Hajiyata take cusa wa maƙwabciya kuɗi a ƙasan kwanon tuwo.

Ban ce miki duk abin da aka kira wasa wasa ne ba. Akwai cin mutunci da yake zuwa da rigar dariya, kuma yaranmu suna haɗuwa da shi a makaranta da cikin waya, a gida da waje. Abin da na koya shi ne kafin in ɗaura ɗamarar faɗa, in fara duba fuskar yaron. Shi ma yana dariyar, ko shi ake yi wa? Yana da damar ramawa gobe, ko kullum shi ne a ƙasa? Abin da aka ɗauka yana dawowa? In ya ce ya isa, ana bari? Ni na tsallake duk wannan na tafi da fushina, Allah ya taimake ni na tarar da mutanen kirki.

Har yanzu ba na son kalmar nan a kan 'yata, ko da wasa, kuma na gaya mata wasan soso a bakin teku ya tsaya. Amma ranar da ƙungiyar ta yi walimar ƙarshen shekara na kai musu dambun nama cikin babbar roba. Kafin a gama jawabi robar ta yi ɓatan dabo. Mai gemu ya dafa ƙirji zai fara rantsuwa, na ce masa ya bari, na san wanda ya ɗauka, a dai gaya masa ina son robata. Ta dawo bayan mako biyu, cike da kek.

Ke fa 'yar uwa, an taɓa yi wa ɗanki wani wasa da ya tsaya miki a rai? Yaya kika gane na zumunci ne ko na wulaƙanci?