Idon Ƙeya

Kawuna direban babbar mota ne, irin Marsandi 911 ɗin nan mai bodin katako, kuma a farkon shekarun 1980 yana jigilar auduga da hatsi tsakanin Funtuwa da Kano. Idan aka ba mu hutun makaranta babu abin da nake ɗoki kamar ya ce in shiga gaba mu tafi. Yawancin garuruwan da muka ratsa sun ɓace mini, amma har gobe ina tuna yadda ake shigar da motar da baya cikin lungun sito, lungun da in ka kalle shi za ka rantse ko amalanke ba za ta shige ba.

Kafin kawu ya sa ribas, yaron motarsa ya riga ya dire. Zai zagaya baya, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya kori akuyar da ta fake a inuwar taya, ya ce wa mai tallan gyaɗa ta janye farantinta. Sannan ya koma ya tsaya daidai inda kawu zai hango shi ta madubin gefe, da weji a hannu.

"Taho, Oga! Taho! Karya hagu! Miƙe! Taho a hankali!"

Tun da nisa muryar a sake take fita. Yayin da gindin mota ke matsar bango sai kalmomin su riƙa gajarcewa suna bin juna da sauri, har ya rage saura taku guda, ya ɗaga tafin hannu ya daki katako, bam! Kawu ba ya tambayar dalili, birki kawai yake takawa. Yana da ƙa'ida guda da ban taɓa ganin ya karya ba: da zarar ya daina ganin yaron a madubi, ko ya daina jin muryarsa, to mota ta tsaya ke nan, ko da kuwa 'yan dako suna ta yi masa ihun ya ɓata musu lokaci.

Mutane suna kiran irin wannan yaro karen mota, sunan da ban taɓa jin daɗinsa ba. Wanda aka damƙa wa rayukan duk masu wucewa ta bayan motar da ke ɗauke da tan goma ya wuce a kira shi da haka. Kuma a nan ne koyon tuƙi yake farawa. Tun kafin a yarda ya taɓa sitiyari, ya shafe shekaru yana auna tsawon mota da faɗinta da ido, ya san inda gindinta zai ɓulla idan aka karya kai. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Masu ƙananan motoci ba su da yaro, wuyansu ne yaronsu. Mai Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, zai ɗora hannun dama a bayan kujerar mai zaman banza, ya waiga, ya riƙe sitiyari da hagu. Motocin zamanin gilashinsu wadatacce ne, ginshiƙansu sirara, bambarsu kuwa ƙarfe ce da ba ta jin ɗan gugar bango. Idan wurin ya matse, ba a rasa wanda zai taso daga benci, mai shayi ko mai faci ko wani dattijo da ke jiran salla, ya tsaya a baya yana kaɗa hannu. Ba a roƙe shi ba, ba kuma jiran lada yake daga gare ka ba.

A ƙasashen da ɗaukar yaron mota ya fi ƙarfin aljihun direba, tun da wuri aka shiga neman abin da zai maye gurbinsa. A Amurka, cikin shekarun 1950, ana maƙala wasu siraran wayoyi a gefen mota ta ƙasa, kamar gashin bakin kyanwa. Idan mota ta matso dakalin gefen titi sai wayar ta goge shi ta yi ƙara, direba ya san ya isa haka. A 1963 wani ɗan Japan, Matsusaburo Yamaguchi, ya ƙera ƙararrawar da ke kaɗawa da kanta da zarar an sa ribas. Ita ce kakar wannan "ƙii, ƙii, ƙii" da ake ji daga tifa da katafila a wuraren aikin hanya. Mu ma ta iso mu ta wata siga, don waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 za su tuna motocin da ke sakin ɗan kiɗa, ko wata murya da Turanci tana gargaɗin a kauce. Sai dai wannan ƙararrawa rabin aikin yaron mota ta ɗauka. Tana yi wa na waje magana, direba kuwa ba ta gaya masa komai. Kurma ba ya jin ta, jariri mai rarrafe bai san ma'anarta ba, bango kuma ba ya kaucewa.

Ɗaya rabin daga jemage aka koyo shi. Jemage yana sakin wani siririn sauti, ya saurari amsa-kuwwarsa, da haka yake gane inda reshe yake cikin duhu. Abin da ya fi taɓa ni a tarihin nan shi ne cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo wannan dabara jikin mota, Tony Heyes, makafi yake yi wa aiki. A Jami'ar Nottingham ta Ingila yana ƙera na'urar da za ta riƙa sanar da makaho abin da ke gabansa, sai ya lura direba mai ja da baya shi ma makaho ne ta ƙeya. Ya yi rajistar ƙirƙirar tasa a 1983. Kusan lokaci guda, a 1982, kamfanin Toyota ya sa irin wannan na'ura a motarsa Corona da ake sayarwa a Japan.

Waɗannan 'yan maɓallan da ake gani jere a bambar baya, galibi guda huɗu, kowanne baki ne kuma kunne. Kunnen ɗan Adam ba ya kama sautin da kaɗawarsa ta haura 20,000 a daƙiƙa, su kuwa suna fitar da mai kaɗawa 40,000 ko fiye, shi ya sa ba ma jin komai. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa. Idan akwai bango a tazarar mita ɗaya, zuwa da dawowar sautin ba zai wuce kashi shida cikin dubu na daƙiƙa ba. Wannan ɗan lokacin ne ƙaramar kwamfutar mota ke aunawa ta mayar da shi nisa, sannan ta mayar da nisan ƙara. A yawancin motoci tana fara tsuwa daga wajen mita ɗaya da rabi, ƙarar tana matsowa kusa da juna yayin da tazara ke raguwa, idan ya rage kamar santimita 30 sai ta zarce ba yankewa. Ranar da na fara jin ta gabana ya faɗi, don salon yaron kawu ne sak: a sake tun da nisa, da sauri in an matso, sannan dukan katako.

Har manyan kamfanoni sai da suka yi ta laluben hanya. Marsandi S-Class ta 1991 ta yi girman da direba ba ya iya hango ƙarshenta, don haka aka sa mata wasu 'yan sanduna biyu da ke tasowa daga kusurwoyin baya idan an sa ribas, don ya ga iyakar motarsa. Sai a 1995 aka maye gurbinsu da na'urar sauti mai suna Parktronic.

Kyamara kuwa ta daɗe ana mafarkinta. Tun a 1956 aka baje kolin wata motar gwaji, Buick Centurion, mai kyamarar talabijin a baya. Toyota ta sa ta a motar Soarer a Japan a 1991. Amma ta ci gaba da zama kayan ƙawa na masu hali, har sai da wani abin baƙin ciki ya faru. A watan Oktoban 2002, a Long Island ta jihar New York, wani likitan yara, Greg Gulbransen, ya fita da dare zai gyara wa motar gidansa fakin. Ya duba madubai bai ga kowa ba. Ɗansa Cameron, mai shekara biyu, ya biyo shi waje ba tare da ya sani ba, ya tsaya a inda babu madubin da ke kaiwa. Yaron bai rayu ba.

Uban bai ɓoye kansa ba. Ya yi ta zirga-zirga yana ba da labarin a gaban 'yan majalisa, tare da wasu iyayen da irin haka ta same su, har aka yi dokar da ke ɗauke da sunan yaron, wadda Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a watan Fabrairun 2008. Duk da haka aka yi ta jan ƙafa a kan tsadar abin. Sai a 2014 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar ta fitar da ƙa'ida, tana mai cewa a kowace shekara ja da baya yana kashe kimanin mutum 210, ya raunata 15,000, kuma kashi 31 cikin 100 na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Daga watan Mayun 2018 ya zama dole kowace sabuwar ƙaramar mota a Amurka ta nuna wa direba filin da ke bayanta, faɗin mita uku da tsawon mita shida. Kusan shekara 16 ke nan bayan rasuwar Cameron. Tarayyar Turai ta bi sahu, inda daga Yulin 2024 ba a sayar da sabuwar mota sai da kyamara ko na'urar sauti a baya.

Ana cewa gani ya kori ji, amma a wannan fage bai kore shi ba. Kyamara tana amfani ne ga wanda ya kalli allo, ƙara kuwa tana riskar mutum ko ina idonsa yake. Wata cibiyar bincike ta kamfanonin inshora a Amurka ta gano cewa idan aka haɗa kyamara da na'urar sauti da birkin da ke kama kansa, haɗurran ja da baya suna raguwa da kashi 78 cikin 100. A ganina wannan ba ƙaramin alheri ba ne, musamman da yake motocin yanzu sun yi tudu, ginshiƙansu sun yi kauri, gilashin baya ya tsuke. Jif ɗin da ake tinƙaho da ita ta fi 504 makanta nesa ba kusa ba. Matar da ta dawo aiki da dare ita kaɗai, za ta shigar da mota get, ba ta da wanda zai ce mata taho. Na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta tafiya sayen goro, ba ta kuma tsoron gaya wa maigida ya tsaya.

Mu dai waɗannan abubuwa sun iso mana ne a makare, a jikin motocin Kwatano da suka riga suka sha duniya, kuma abin da muke yi musu yana damuna. Mota ta ɗan gogu, an kai ta wurin mai fenti, ya shafe maɓallan da fenti mai kauri har sun kurumce. Ko an canza bamba an sa wadda ba ta da huda, wayoyin suna reto a ciki. Ko na'urar ta fara ƙara ba dalili, maimakon a wanke ƙurar hunturu ko taɓon damina da ya toshe ta, sai a ce wa mai gyaran waya ya tsinke ta a huta. Na sha ganin mai mota ya kashe dubbai a kan rediyo da lasifika, kyamarar bayansa kuwa ta shekara da mutuwa.

Ko lafiyarta ƙalau, akwai abin da ba ta iyawa, kuma galibi irin abin da ke cika unguwanninmu ne. Sauti sai ya daki abu yake dawowa, saboda haka buɗaɗɗiyar kwata ko rami ba su da amsa-kuwwar da za ta ji. Siririn rodi da turken ƙarfe kan kuɓuce mata. Abin da ya yi ƙasa da bamba sosai, ko ya riga ya shige ƙarƙashin mota, ya fita daga hurumin na'urar da kyamarar baki ɗaya. A garin da rana ke dukan ƙasa, inuwar mota wurin hutawa ce ga akuya da kaza da ɗan yaye. Yaron kawu ya san wannan, shi ya sa durƙuso ne farkon aikinsa. Ya kuma san bambancin buhu da mutum, ya san yaron da ke gefe yana wasa da gare-gare zai iya rugowa a guje, tun bai rugo ba ya daka masa tsawa.

Shekarun baya, kawu ya tsufa ya ajiye tuƙi, na je ɗaukarsa zuwa ɗaurin aure. Na tayar da mota na sa ribas, allo ya kawo, na'ura ta fara tsuwa. Ya saurara da kyau, ya yi ta tambayata yadda take gane nisa, na yi masa bayanin jemage, ya jinjina kai ya ce Allah ya yi wa mai wannan tunani albarka. Sannan ya dafa hannuna.

"Ɗana, mayar da ita fakin. Ban ga ka zagaya ba."

Na fita na zagaya, na durƙusa na leƙa. Babu komai a ƙarƙashi. Na dawo na gaya masa, ya ce to yanzu mu tafi.

Kwanan baya na shiga kasuwar Dawanau, na tsaya kallon wata tirela tana shiga layin masu riɗi da baya. Sabuwa ce, ƙararrawarta tana ta ƙii, ƙii, har ba a jin maganar kusa. A bayanta ga wani matashi da tsumma a kafaɗa yana kaɗa hannu yana kiran taho. Direban ya leƙo da kai ta taga, idonsa a kan madubi, yana sakin kuloci kaɗan-kaɗan, bai taka birki ba sai da yaron ya daki bodi.