Farashin da Ke Bayan Kwalin Faifai

Idan tsohon faifan garmaho na kamfanin Dischord ya faɗo hannunka, kada ka yi gaggawar ɗora masa allura. Juya kwalin tukuna ka dubi bayansa. A can ƙasa, da ƙananan haruffa, za ka ga adireshin wani gida a birnin Washington na Amurka, gidan iyayen ɗaya daga cikin samarin da suka kafa kamfanin, kusa da shi kuma an buga kuɗin faifan har da ladan aikawa ta gidan waya. Wannan ɗan rubutu ya ɗaure hannun mai kanti. In ya tsawwala, yaro zai juya kwalin ya nuna masa, ko kuma ya koma gida ya sa kuɗinsa a ambulan ya aika wa masu abin kai tsaye. Duk lokacin da aka ce an sake fitar da wani tsohon faifai na irin wannan kiɗa, da wannan ɗan layi nake auna aikin.

Kiɗan da ake magana a kai shi ne wanda Turawa ke kira hardcore punk. Bari mu ce masa hadko don sauƙin baki. Ya taso tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 a Los Angeles da Washington da Boston da New York, a hannun yaran da da yawansu ba su cika shekara 20 ba. Kayan aikin ba su da yawa: jita, bes, ganguna, sai mawaƙin da zai buɗe maƙogwaro har jijiyoyin wuyansa su fito. Gudu ne da ƙara da fushi, kuma ba a jan zance. Faifan farko na rukunin Circle Jerks, wanda ya fito a 1980, waƙoƙi 14 ne cikin minti 15. Kafin ka gyara zama an cinye fuska ɗaya, sai ka miƙe ka juya faifan.

Manyan kamfanoni ba su ko kalli wannan kiɗa ba, gidajen rediyo kuma suka toshe kunne. Dole yaran suka yi wa kansu komai. A 1980 wani rukuni mai suna Teen Idles, samarin da ba su daɗe da barin sakandare ba, ya watse ya bar dala 600 da aka tara daga wasanni. Maimakon a raba kowa ya kama gabansa, Ian MacKaye da Jeff Nelson suka ce a buga faifai da kuɗin. Aka buga kwafi 1,000 na ƙaramin faifai mai faɗin inci 7, mai suna Minor Disturbance. Sai ga matsalar kwali, don babu wanda ya san yadda ake yin sa. Suka ɗauko kwalin wani faifai da aka yo daga Ingila, suka ɓare shi a hankali, suka shimfiɗa shi a kan takarda suka zana siffarsa, suka kai maɗaba'a. Da takardun suka dawo, sai aka zauna da almakashi da gam: a yanka, a ninke, a manna, a cusa takardar baitoci, ɗaya bayan ɗaya har dubu. Haka aka haifi Dischord. Wanda ya riƙe kwafin farko a yau yana riƙe da abin da yatsun wani yaro suka danne har gam ya kama.

A fuskar wannan kwali akwai hoton hannaye biyu a dunƙule, kowane an zana masa alamar X a baya. Masu gidajen rawa ne ke yi wa yaron da shekarunsa ba su kai na shan giya ba wannan alama, don kada a sayar masa. Yaran suka mayar da ita abin alfahari. Shekara guda bayan haka MacKaye da Nelson, a sabon rukuninsu Minor Threat, suka saki wata waƙa mai suna Straight Edge, tsawonta daƙiƙa 46, wadda ke cewa mai ita ba ya bukatar ƙwaya ko kayan maye. Daga wannan 'yar waƙa aka samu zuriyar matasa a ƙasashe da dama da suka haramta wa kansu barasa da taba da kayan maye. Mai jin hayaniyar daga nesa zai ɗauka taron 'yan shaye-shaye ne, alhali wasu daga cikin masu ihun ko sigari ba sa taɓawa.

To, kwafi dubu ba ya zuwa ko'ina. Shekaru na tafiya faya-fayan suka yi wuya, masu tara kayan tarihi suka shigo, abin da aka yi don yaro mai 'yan canji a aljihu ya koma ana cinikinsa da ɗaruruwan daloli. A nan ne sake bugu ke da amfani, kuma a nan nake goyon bayansa ba tare da wani nauyin baki ba. Dubi rukunin SSD na Boston. Faifansu na 1982, The Kids Will Have Their Say, wanda kwalinsa ke nuna samari suna haurawa matakalar majalisar jiharsu a guje, ya shafe shekara 40 babu shi a kasuwa ta halal. Sai dai kwafin sata, ko na asali mai tsadar da ta fi ƙarfin yaran da sunan faifan ke magana a kansu. A 2023 kamfanin Trust Records ya sake fitar da shi da yardar masu shi. Al Barile, mai jitar da ya kafa rukunin, ya ga faifansa ya dawo kanti kafin ya rasu a 2025. Wannan kaɗai ya isa dalili.

Amma aikin da ya fi burge ni shi ne na Bad Brains, kuma a kansa zan ɗan daɗe. Mutum huɗu ne baƙaƙen fata daga yankin Washington: H.R. mai waƙa, ƙanensa Earl Hudson mai ganguna, Dr. Know mai jita, da Darryl Jenifer mai bes. Da kiɗan jaz suka fara, shi ya sa hannunsu ya fi na tsaransu faɗawa nesa ba kusa ba. Sun fi kowa gudu, amma ba sa tuntuɓe. Kuma a tsakiyar wannan guguwa sai su tsaya cak su shiga kiɗan rege a natse, domin sun rungumi aƙidar Rasta. Samarin Dischord da kansu sun sha faɗa cewa a wurin Bad Brains suka ga yadda ake yi.

Kundinsu na farko ya fito a 1982, kuma ba a faifai ya fito ba. Kaset ne, daga wani kamfani na New York mai suna ROIR wanda a lokacin kaset kaɗai yake bugawa, da hoton tsawa tana faɗa wa ƙubbar majalisar dokokin Amurka. A 1983 suka yi Rock for Light, wanda Ric Ocasek na rukunin The Cars ya tsaya a kan ɗaukarsa. Da aka zo sake fitar da shi a 1991 sai aka taɓa shi: aka sake haɗa sautin, aka sauya jerin waƙoƙin, aka kuma ƙara wa tef ɗin gudu. Duk wanda ya yi zamani da rediyo mai kaset ya san abin da gudun tef ke yi wa murya. In batir ya yi sanyi, sai ka ji mawaƙi yana jan magana kamar mai barci. In kuma injin ya cika sauri, sai muryar dattijo ta sirance ta koma ta yaro. Na biyun ne ya samu H.R. Mutane da yawa da suka san kundin ta faifan CD sun shekara kusan 30 suna jin muryar da ba daidai take da wadda ta fito daga bakinsa a situdiyo ba, ba su kuma sani ba.

A 2021 rukunin ya fara dawo da tsofaffin ayyukansa ƙarƙashin tambarinsa na Bad Brains Records, tare da kamfanin Org Music. Rock for Light ya dawo da haɗinsa na 1983, da jerinsa na asali, da gudunsa na asali. Ba a ƙara masa kwalliya ba, an dai cire abin da aka ɗora masa. In ka saurari biyun a jere za ka ji bambancin tun a waƙar farko: bes ya samu wurin zama, muryar kuma tana da ƙirji. Ba ƙaramin abu ba ne kuma a ce mutanen da suka assasa wani sashe babba na wannan kiɗa, waɗanda suka daɗe ayyukansu na warwatse a hannun kamfanoni daban-daban, sun ga sunansu a matsayin masu bugawa. A 2024 aka bi da I Against I na 1986, kundin da H.R. ya rera ɗaya daga cikin waƙoƙinsa, Sacred Love, ta wayar tarho daga gidan yari. Wannan ƙarancin sautin tarho yana nan yadda yake, kuma haka ya kamata.

Akwai wata hanyar da ban yarda da ita ba. A 2022 aka fitar da sabon haɗi na kundin farko na Dead Kennedys, Fresh Fruit for Rotting Vegetables na 1980, wanda wani gwanin haɗa sautin manyan taurari, Chris Lord-Alge, ya yi. Sautin ya fito tas, ganguna sun yi kauri. Mawaƙin rukunin na asali, Jello Biafra, wanda ya aro rabin sunansa daga Biyafara ta yaƙin basasar Najeriya, ya fito fili ya soki aikin, ga shi dama sun daɗe da ɓatawa da sauran abokan har gaban kotu. Ban shiga rigimarsu ba, amma a kan sautin ina ganin siririn amon nan na 1980 wani ɓangare ne na labarin. Yana gaya maka kuɗin da suke da shi, da ɗakin da suka samu, da gaggawar da suke ciki. In an goge shi an goge shaida.

Sauran sai a taƙaice. Kamfanin Numero Group ya tattara farkon rayuwar rukunin Hüsker Dü a akwati mai waƙoƙi 69, Savage Young Dü, a 2017, 'yan makonni bayan rasuwar mai gangunansu Grant Hart. Kamfanin Relapse ya fitar da Detestation na rukunin G.I.S.M. na Japan a 2020, kundin 1983 da ya daɗe yana yawo a kwafin sata. Dischord ma ya haɗa ƙananan faya-fayansa shida na farko a akwati guda, sannan a 2023 ya fito da 'yan waƙoƙin da suka rage daga zaman ɗaukar kundin Out of Step na Minor Threat.

Abin da ke damuna a wannan kasuwa shi ne launi. Kundi ɗaya sai a buga shi ja, a buga shi kore, a buga mai ɗigo-ɗigo, kowane a ce kwafi kaɗan ne, don mutum ɗaya ya saya sau uku ya jera a kanta ko leda bai ɓare ba. Wannan sake ƙirƙiro ƙarancin nan ne da aka ce an zo magancewa. Wanda ake nufi da irin wannan kaya shi ne magidanci mai albashi da ke kewar ƙuruciyarsa, ba yarinya ko yaro mai shekara 16 da ke neman abin da zai faɗa masa cewa shi ma zai iya ɗaukar jita ba. Dischord ya fi kowa fahimtar wannan. Bai bar manyan kundayensa sun yanke a kasuwa ba, bai tsawwala ba, kuma tun 2016 ya zuba ayyukansa a shafin Bandcamp inda kowa zai saurara ba tare da ya biya ko sisi ba.

Kiɗan kuma bai tsaya a tarihi ba. Turnstile na Baltimore sun fitar da Glow On a 2021, suka cusa wa hadko taushi da amon da tsofaffin hannu suka yi ta gunaguni a kai, har kundin ya kai su jerin 'yan takarar kyautar Grammy. Ni ban ga laifinsu ba, musamman da na ga abin da suka yi da sunan da suka samu: a watan Mayun 2025, gabanin fitowar kundinsu Never Enough, sun yi wasa kyauta a wani filin shaƙatawa na garinsu, aka tara gudummawa don kula da lafiyar marasa matsuguni. Amma in za a tambaye ni kundin da ya fi tsaya mini a rai cikin na 'yan shekarun nan, Diaspora Problems ne na Soul Glo daga Philadelphia, wanda kamfanin Epitaph ya fitar a 2022. Mawaƙinsu Pierce Jordan yana zubo kalmomi da saurin da sai ka riƙe takardar baitocin kafin ka bi shi, a kan talauci da 'yan sanda da ciwon zuciya da zaman baƙar fata a fagen da farare suka cika. Akwai kakaki na Turawa a ciki, akwai gambarar zamani, kuma babu inda wutar ta lafa. Shekara 40 bayan kaset ɗin ROIR, ƙofar da Bad Brains suka buɗe ba ta rufe ba.

Mai karatu, in kana son ɗanɗanawa, ba sai ka sayi akwati ba. Fara da kaset ɗin Bad Brains na 1982, yana nan a intanet, bai kai minti 40 ba. Kada ka yanke hukunci a waƙar farko, domin kunne na bukatar lokaci kafin ya rarrabe jita da ganga a irin wannan gudu. In ka zo kan Rock for Light kuma, duba da kyau ka tabbatar haɗin 1983 ne aka ba ka, ba na 1991 ba.