Alwatikar da ta sa na sha bulala

Hoton da kuke gani manne a gefen wannan rubutu ni na zana shi da biro da rula, kuma kwana huɗu ya ɗauke ni. Don Allah kada wanda ya yage shi ko ya yi masa rubutu a kai, domin na sha bulala biyu saboda irinsa.

Abin ya fara ne a hutun da ya wuce. Yayana da ke jami'a ya dawo gida, sai na ga wani hoto a fuskar wayarsa, baƙi ƙirin kamar buzuzu, gefensa kuma launuka sai ka ce wuta na ci. Na tambaye shi wa ya zana, ya ce babu wanda ya zana, lissafi ne. Na ɗauka tsokanata yake yi, don ya san ni da lissafi ba ma ga maciji. Sai ya miƙo mini wayar ya ce in sa yatsu biyu in buɗa gefen hoton. Na buɗa, na ƙara buɗawa, can ciki sai ga wani ɗan ƙaramin buzuzun irin na farko sak. Na shiga gefen wannan ma, na sake samun wani. Ban ajiye wayar ba sai da ta yi zafi cajin ya ƙare, Yaya ya yi ta faɗa.

Irin waɗannan hotuna ana kiransu fraktal, wato siffar da in ka duba ɗan yankinta za ka ga ya yi kama da ita gaba ɗaya. Wani masanin lissafi mai suna Benoit Mandelbrot ne ya raɗa musu sunan a 1975, kuma buzuzun nan sunansa yake ɗauke da shi. Yaya ya ce wayar tana ɗaukar lamba ne ta ninka ta da kanta, ta ƙara mata wata lamba, ta yi ta maimaitawa. Inda amsar ta ƙi yin girma sai ta sa baƙi, inda ta gudu ta sa launi. Gaskiya rabin bayanin kawai na gane.

Da hutu ya ƙare ya tafi da wayarsa. Amma ya bar mini wadda ba ta buƙatar caji, alwatikar Sierpinski, wadda wani ɗan ƙasar Foland ya bayyana tun 1915. Ga yadda ake yi. Ka zana alwatika mai gefe uku daidai wa daida, kowanne santimita 16. Ka sa ɗigo a tsakiyar kowane gefe, ka haɗa ɗigon ukun, ka cike ta tsakiyar da baƙi. Farare uku za su rage. Kowacce a cikinsu ka yi mata abin da ka yi wa uwar. Shi ke nan dokar, babu wata.

A tsakiyar littafina na lissafi na fara yi, lokacin darasi kuwa, ban ma ji isowar Malam ba. Na sha biyu a tafin hannu, kuma ban ce an zalunce ni ba. Bayan an tashi ya kira ni, ya buɗe shafin ya ce, “Farare nawa ne a nan?” Na fara ƙirgawa da yatsa ina ɓatawa. Ya ce in daina, in tuna nawa ne a zagaye na farko. Uku. Na biyu? Tara. Kafin ya sake tambaya na ce 27, sannan 81. Ashe wannan ƙaramar lambar da ake ɗorawa a kafaɗar 3, wadda na faɗi a kanta a jarrabawar zangon farko, ita nake ta zanawa ban sani ba. Wannan da ke bango ta kai zagaye na biyar, farare 243, kowacce rabin santimita. Na gwada na shida, bakin biro ya fi alwatikar kauri.

Yanzu ko'ina ina ganin abin: a reshen darbejiyar bakin ofis, a jijiyar ganyen gwanda. Umma dai har yanzu cewa take ina ɓarnar biro.

Ga abin da nake roƙo. Ina neman mutum 26, da ni 27. Kowa ya zana tasa a farar takarda, santimita 16, ya tsaya a zagaye na huɗu. In muka yanke muka jera su bisa dokar nan, za mu sami babbar alwatika mai faɗin santimita 128, da farare 2,187 a cikinta, kuma na auna bangon nan, za ta shiga. Malam ya ce zai ba mu kwali da gam. Zuwa yanzu mu shida ne, kuma biyu ba su da rula. Mai so ya same ni a JSS 2B lokacin tara, amma ban da lokacin darasi.