Monako: Garin Da Ake Cin Tsere A Bakin Kwana

Monako wata 'yar ƙaramar ƙasa ce a bakin Bahar Rum, Faransa ta kewaye ta ta gefe uku. Faɗinta duka bai fi murabba'in kilomita 2 da 'yan kai ba. Gari ne da aka ɗora a jikin dutse, benaye bisa benaye, tituna kuwa sai murɗewa suke kamar hanjin akuya. Duk wanda ya ga waɗannan tituna ba zai ce wurin gudu ne ba. Amma a kansu ne ake yin ɗaya daga cikin tseren motoci mafi suna a duniya, tun daga 1929, lokacin da Antony Noghès ya shirya na farko, William Grover-Williams kuma ya ci da motarsa Bugatti.

Tsawon hanyar tseren kilomita 3.337 ne, kwana 19 ke cikinta, ana kuma zagaya ta sau 78. In tsere ya gabato, sai ma'aikata su yi makonni suna kafa shingen ƙarfe dama da hagu. A wasu filayen tsere, direban da ya yi kuskure yakan sami fili ko yashi ya tare shi. A nan kuwa ƙarfe ne ke jiransa.

Baƙo yana iya bin hanyar da ƙafa cikin sa'a guda. Zai fara daga bakin tashar jiragen ruwa, ya iske kwanar farko gaban 'yar majami'ar Sainte Dévote, ya hau tudu har dandalin babban gidan cacar Monte Karlo, sa'an nan ya gangara zuwa Mirabeau. Daga nan sai kwanar da ta fi kowace shahara, wadda ke gaban otel ɗin Fairmont, inda titi ya lanƙwashe ya koma inda ya fito. Motar da aka ƙera don ta wuce kilomita 300 a sa'a, a nan sai ta bi a hankali, gudunta bai kai kilomita 50 ba. Duk cikin tseren Formula 1 babu kwanar da ake bi a sannu kamarta, har sai makanikai sun gyara sitiyari don ya ƙara juyawa kafin mota ta iya shan ta.

A nan ne mai kallo zai gane asirin sana'ar. Ita taya tana da iyakar riƙon da za ta yi wa kwalta, wannan riƙon kuma shi ake rabawa tsakanin birki da juyawa da ƙara wuta. In aka ba ɗaya duka, sauran sun rasa. Saboda haka gwanin direba yakan matso gefen waje, ya danne birki tun mota tana miƙe, ya rage giya. Yayin da ya fara murɗa sitiyari sai ya riƙa sassauta birki kaɗan-kaɗan, domin nauyin mota ya zauna kan tayoyin gaba su kama ƙasa. Ya ratsa ta cikin kwana har taya ta kusa shafar dakali. Sa'an nan, gwargwadon yadda yake warware sitiyari, gwargwadon haka yake taka totur, kamar an ɗaure su biyun da igiya ɗaya. Wanda ya shiga da gudu fiye da kima, gaban mota zai ƙi juyawa ya miƙe zuwa shinge. Wanda kuma ya ɗosa wa totur ƙafa tun mota ba ta daidaita ba, tayoyin baya za su sulɓe, mota ta juyo ta fuskanci inda ta fito.

Ƙasa kaɗan da wannan akwai kwanar Portier, a bakin teku. Ba ta da wani kwarjini a ido, amma daga ita ake shiga ramin da ya bi ta ƙarƙashin otel, inda gudu yakan kai wajen kilomita 290 a sa'a. Duk ɗan saurin da direba ya samu wajen fita daga Portier, shi zai yi ta riƙewa har ƙarshen ramin. Don haka gwanaye sukan yarda su yi asarar kaɗan wajen shiga, don su riga abokan hamayya buɗe wuta wajen fita.

Wannan kwana ta taɓa kayar da gwanin gwanaye. A 1988 Ayrton Senna, mutumin Brazil, yana gaban Alain Prost da wajen daƙiƙa 50, aka ce masa ya rage gudu tun da nasara ta zo hannu. A zagaye na 67 hankalinsa ya ɗan kauce, sai ga mota a jikin shinge. Ya fito bai ce wa kowa uffan ba, ya taka zuwa gidansa da ke kusa, Prost ya ci. Daga 1989 har 1993 kuwa ba wanda ya sāke ƙwace masa tseren Monako. Sau 6 ya ci duka, har yau ba a kamo shi ba.

Bayan rami sai a faɗo cikin hasken rana, a gangara zuwa wata murɗiya a bakin ruwa. A nan motar Alberto Ascari ta faɗa cikin teku a 1955, aka tsamo shi da rai. A nan kuma Lorenzo Bandini ya yi haɗarin da ya zama ajalinsa a 1967. A 1996, ranar da aka yi ruwan sama, motoci 3 kaɗai suka kai ƙarshe, Olivier Panis wanda ya tashi daga matsayi na 14 shi ya ci.

In tsere ya ƙare sai a kwashe shinge, motocin haya da na safa su koma bin kwanar Fairmont, fasinja na leƙen teku. Sai dai zanen baƙin taya yakan daɗe a kan kwalta, yana nuna inda kowane direba ya taka birki da inda ya yi haƙuri kafin ya taka totur. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Direbobin Monako ba su san karin maganar ba, amma da ita suke cin abinci.