Sunan wa za mu rubuta a littafin baƙi?



A zaman kwamitin da ya gabata an kawo wata shawara da ta hana mu tashi har aka kira magariba. Wai ƙungiya ta buɗe littafi, ta rubuta sunan duk ɗan ƙasar waje da ke zaune a unguwa, musamman 'yan Nijar masu ga-ruwa da masu shayi da masu gadi, a miƙa wa hukuma saboda tsaro. Tun da aikin sakatare a wuyanmu yake, mu ne za mu riƙe biron. Shi ya sa muka ga ya dace mu faɗa muku abin da ya sa hannunmu ya yi nauyi.

Ba mu raina tsoron masu shawarar ba, mun san inda ya samo asali. Duk mai bin hanyar Keffi zuwa Abuja neman abinci bai manta da safiyar Litinin, 14 ga Afrilun 2014 ba, ranar da bam ya tashi a tashar motar Nyanya ya kashe sama da mutum 70, yawancinsu masu sammakon zuwa aiki. Ba a cika sati uku ba, ranar 1 ga Mayu, wani ya sake tashi kusa da wurin. Daga nan shingen sojoji ya tsananta. Mutum ya yi asuba a Keffi, hantsi ya same shi a Mararaba yana gumi cikin mota. Mun haƙura, don rai ya fi sammako. Amma muna zaune muna kallon wanda aka fi saukewa: mai rawani da ɗan buhun kaya, wanda ba ya jin Turanci, ba shi da katin komai a aljihu.

Sai ga shi wanda hukumomi suka tuhuma da hannu a shirya harin, aka kamo shi a Sudan aka dawo da shi a watan Yulin shekarar, ɗan Najeriya ne mai fasfo, har ya yi karatu a Birtaniya. Haka ma Umar Faruk Abdulmutallab, wanda ya yi yunƙurin tarwatsa jirgi mai zuwa Detroit ranar 25 ga Disambar 2009. Bizarsa ta Amurka lafiya lau take. Mahaifinsa da ƙafarsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya kai rahoton ɗansa makonni kafin abin ya faru, ba a soke bizar ba. Amma da watan Janairun 2010 ya kama, sai aka saka Najeriya cikin ƙasashe 14 da ake yi wa matafiyansu binciken musamman. Bayan shekara goma, a ƙarshen Janairun 2020, gwamnatin Trump ta hana 'yan Najeriya bizar zaman dindindin da sunan tsaro. Mun tuna yadda muka ji haushi a majalisun hira, ana cewa an yi mana kuɗin goro. To mu da muka ɗanɗani wannan, yau mu ne za mu ɗauki biro mu yi wa maƙwabci irinsa?

A bar ma wannan. Da muka zauna muka gwada rubuta jerin a zuci, a layin farko muka maƙale. Akwai wani tela a unguwar nan, tare muka yi makarantar allo da shi. Mahaifinsa ya zo daga wajen Maraɗi a shekarun farin nan na 1973 zuwa 1974, ya yi ga-ruwa har ya tsufa, a nan ya yi aure, a nan aka binne shi. Mahaifiyarsa 'yar Keffi ce gaba da baya. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 bai yi ƙumbiya-ƙumbiya ba: wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yancin kai, in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Duk da haka sau biyu yana dawowa daga wani ofishi hannu rabbana, an ce masa ya koma inda ubansa ya fito. Bai taɓa taka Maraɗi ba. In muka sa sunansa a littafin baƙi, mun zama shaidar ƙarya a kansa. In muka tsallake shi muka rubuta ɗan baffansa da ya zo bara, wa ya ba mu ikon yanke hukuncin?

Kada wani ya ce abin ba ya kai wa ga haka. A watan Janairun 1980 jami'an shige da fice sun ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, suka kai shi ƙasar Cadi wai ba ɗan Najeriya ba ne. Sai da kotu ta tabbatar masa da ƙasarsa. Shi ke nan mai jam'iyya da lauyoyi, balle tela. Garin nan namu ma, in za a bi salsala, Abdu Zanga da ya kafa shi daga ƙasar Katsina ya taso da jama'arsa.

Dokar baƙi kuwa tana nan, kuma tana da masu ita. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, wanda zai wuce haka sai ya nemi takardar zama. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma ECOWAS ta ce a ci gaba da mutunta takardun 'yan ƙasar har sai an sanar da wani sabon tsari. A 2019 ma gwamnati ta buɗe rajistar baƙi ta kwamfuta, ta ba marasa takarda wata shida su yi ba tare da hukunci ba. Da yawa daga masu ga-ruwanmu ko labarin ba su ji ba. Nan kam laifinmu ne, mu da muke jin rediyo muna karanta jarida ba mu gaya musu ba.

Abin da muka gabatar wa kwamiti shi ne, in littafi ake so, to ya zama na kowa. Duk mai gidan da ya ba da haya ya san wanda ya shigo masa, ya kai shi gaban mai unguwa, ko daga Dosso ya zo, ko daga Daura, ko daga Akwanga. Wanda aka ga take-takensa ba su yi ba a sanar da jami'an tsaro saboda abin da ya aikata. Wanda ba shi da takarda kuma, ƙungiya ta haɗa shi da wani ya raka shi ofishin shige da fice.

Ba kowa ne ya yarda ba. Wani dattijo da ya rasa ɗan ƙanwarsa a Nyanya ya ce muna da sanyin hali, kuma ba mu iya ɗaga ido mun kalle shi ba. Mutum uku ba su sa hannu ba tukuna. Mun dai sayi littafin, mun rubuta sunanmu da lambar gidanmu a layin farko. Za a sake zama ranar Asabar bayan la'asar, kuma mun aika wa shugaban masu ga-ruwa ya zo a yi da shi.